Farin Ambulan

Ina da shekara shida ran da motar rake
ta ƙwace a gangaren Kwangila.
Babana na kan kekensa, da kifi a leda,
da sabon silifas ɗina ɗaure a kariya.
An kawo mana silifas ɗin. Ƙafa ɗaya.

Sunan direban Sallau.
Sau ɗaya na ji shi a bakin Inna,
ta furzar da shi kamar tsakuwa a shinkafa.
Alƙali ya ce shekara biyar, Ƙofar Doka.
Kawu ya ce an yi adalci.
Inna ta dubi tukunya, tukunya ta dube ta.
Adalci bai zo da mudun gari ba.
Kuka kam akwai a gidan, sai dai ba na miya ba.

Shekarar da na shiga sakandare
farin ambulan ya fara zuwa.
Ilu mai shayin bakin layinmu a Tudun Jukun ke miƙowa.
"Wani bawan Allah ne," sai ya koma fifita wuta.
Kuɗin sun sha ninki, suna warin roba da gumi,
'yan hamsin-hamsin, 'yan ɗari,
wata an ɗinke cikinta da salatif.
Inna ta ɗauka wani ɗan'uwa ne kunya ta kama.
Shekara tara tana sa masa albarka bayan asuba.

Yanzu ina Kongo, ina haddar sashe da ƙaramin sashe.
Na san abin da doka ta tanada kan tuƙin ganganci.
Na ma karanta wani ƙaton labarin mutanen Faransa,
na gwanjo, ba bango, na saya a Samaru,
na zubar wa masu laifinsa hawaye har ya jiƙa filo.
Tausayin mutumin takarda ai ba ya cin ko sisi.

Sai ciwo ya kwantar da Ilu a Shika.
Ya aika a kira ni.
"Amanar nan ta fi ƙarfin ƙirjina.
Je ki Ɗanmagaji, rumfar mai faci ta uku."

Tsoho ne gajere, hularsa ta koɗe.
Hannunsa cikin bahon ruwa
yana laluben inda tiyub ke sakin iska.
Ya ɗago. Bai tambayi sunana ba.
Ya ce, "Goshin nan na Mato ne."

Na zo da magana cike da baki,
na tsara ta tun daga cikin bas,
ta tsaya a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Shi ya yi magana, idonsa na kan ruwa:
"Tun Maƙarfi na san birkin ba lafiya.
Mai mota ya ce a lallaɓa. Na lallaɓa.
Ban sake riƙe sitiyari ba.
Hukuma ta karɓi nata, shekara biyar cif.
Naku ne ban san yadda ake lissafinsa ba."

Ban ce na yafe ba.
Gonar ba tawa ba ce ni kaɗai, balle in yi kyauta da ita.
Ban kuma ce ban yafe ba.
Na ajiye jakar littattafai a kan wata tsohuwar taya,
na tsuguna, na danne masa gefen tiyub ɗin
don hannunsa na rawa.
Kumfa ta taso, sirara, ɗaya bayan ɗaya.
Na ce, "Baba, ga hujin nan."

Anjima kaɗan za a kira asuba.
Inna za ta shimfiɗa darduma ta ɗaga hannu kamar kullum,
ta roƙa wa mai ambulan gidan Aljanna,
ta kai ƙarar direba gaban Mahalicci.
Ina kwance, idona biyu, bayana gare ta.
Tun ina ƙarama ni ke amsa mata amin,
duka biyun.